Na Kai Niƙa Dubai

Ɗana ya biya kuɗin jirgi ya kai ni Dubai ne don ya raba ni da injina. Wannan ita ce gaskiyar tafiyar, kuma na faɗa masa a gaban idonsa, don haka ba gulma nake yi ba. Ku 'yan ajinmu na makarantar manya kun dame ni da tambaya tun da na dawo, wannan ta ce yaya gine-ginen, waccan ta ce wai da gaske ne ana kasa zinariya kamar tumatir. Na gaji da maimaitawa, ga tari. Tunda Malama ta ce duk wadda ta iya rubuta sunanta ta iya rubuta labarinta, ga shi nan, kowa ta karanta da kanta. Wadda karatunta bai kai nan ba ta ƙara ƙwazo.

Saboda wadda ba ta san ni ba: injin niƙa ne da ni a bakin layinmu a Kurna. Marigayi maigidana ne ya saye shi na hannu tun ina goyon fari. Kafin zuwansa a dutse muke niƙa, gwiwoyina har yau suna ba da shaida. Da aka zo rabon gado na ce a bar mini injin da ɗakinsa a tumunina, aka bar mini. Da shi na biya makarantar yaron nan har ya zama abin da ya zama. Ɗan fari ne, ba na faɗin sunansa, Injiniya nake ce masa, ko da yake ban taɓa ganin ya ɗaure ko noti ɗaya a injina ba.

Shekara biyu ke nan yana bina da magana guda. Wai likita ya ce ƙurar gari ce ta cika mini ƙirji. Wannan gaskiya ne, likita ya faɗa, ina wurin. Wai kuma mutane sun koma garin leda da bilenda, layin roba a ƙofar inji ya ragu. Wannan ma gaskiya ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganin da ya kawo: a kashe injin, a wanke shi, a shafa masa fenti, a mai da ɗakin wurin shan shayi na 'yan gayu, injin yana gefe ana ɗaukar hoto da shi. Har da cewa za a sa hotona a bango. Na tambaye shi ko an aiko masa da labarin mutuwata ne ni ban sani ba.

Sai matarsa Rukayya ta haihu a can, mahaifiyarta kuma ba ta da ƙafar tafiya. Ya kira ya ce in zo in riƙe jego. Wa zai ƙi jikansa? Na bar wa Asabe makullin inji. Asabe bazawara ce maƙwabciyata, ta daɗe tana kama mini aiki, ta san tarin injin kamar yadda ta san nawa.

Na haɗa kayan maijego: surfaffen gero, kanwa, citta, kanumfari, masoro, daddawa, kuka. Asabe ta ce in bari ta niƙa geron kafin in tafi. Na ce a'a, garin da ya kwana a leda ƙamshinsa ya gudu, kunun kanwar maijego sabon niƙa yake so, kuma wane gari ne a duniya da babu inji a bakin layi? Ku riƙe wannan tambayar tawa, za mu dawo kanta.

Jirgi ba baƙona ba ne, na yi aikin Hajji. A kusa da ni aka zaunar da wata Hajiya Binta, 'yar kasuwa ce mai sarin atamfa da takalma, bakinta ba ya gajiya da maganar kagon jirgi da kwantena. Duk abin da aka kawo mana ta san sunansa, har wani abu mai kama da fanke da bai soyu ba. Da ta ji abin da ke cikin jakata sai ta ajiye cokali ta dube ni.

"Hajiya, niƙa kika kawo Dubai?"

Na ce mata e. Ta yi dariya har ta share hawaye da bakin gyale, ta ce Allah ya ba da sa'a. Na ɗauka baƙin ciki ne irin na 'yan kasuwa.

A wajen masu duba kaya kanwa ce ta tsayar da ni. Wani saurayi mai farar jallabiya ya zaro ƙullin, ya kwance, ya ga farin dutse da gari-gari, sai fuskarsa ta canza. Ya kira na biyu. Ni ba Turanci, Larabcina na Islamiyya ne, na iya neman tsari da gafara amma ban iya cewa kanwa ba. Na gutsuri kaɗan na sa a baki, na nuna ciki, na yi alamar rungume jariri. Hajiya Binta ta dawo da baya ta zuba musu wani Larabci mai karyayyar ƙafa, suka fahimta. Na biyun ya buɗe robar daddawa don ya cika aikinsa. Bai ƙara buɗe komai ba, ya ce yalla, yalla, yana nuna mini ƙofa. Yaran suna da ladabi, ba zan yi musu ƙarya ba.

Injiniya yana zaune a wata unguwa da ake kira Karama. Ku cire hoton da kuke gani a waya. Tsofaffin benaye ne a cunkushe, shanya a kowace taga, ƙasa duk shaguna, Indiyawa da 'yan Filifin da irinmu kowa yana sauri kamar ya bar tukunya a wuta. Fulat ɗin nasu ɗaki biyu ne, tsakar gidana ta fi shi. Maƙwabcin da kuke haɗa bango ba ya zuwa barka. An yi haihuwa a gidan amma ko mace ɗaya ba ta shigo da kwano ba. Ruwan wankan jego daga bango yake fitowa da zafinsa, ba itace ba hayaƙi, wannan kam na yaba. Ranar da na kunna turaren wuta wani abu a rufin ɗaki ya kama ihu, sai da mai gadi ya hawo. Gidan da ke kai ƙarar turare, ina ka taɓa ji.

Rukayya yarinya ce mai haƙuri, amma na same ta a rame, nono bai kawo sosai ba, jaririn yana ta tsotsa yana kuka. Shayi da burodi take sha. Na ce gobe kunu. Na tambayi inda injin unguwa yake, ita da Injiniya suka dubi juna. Rukayya ta ce, Mama, ga bilenda. Na zuba gero a bilenda. Ta yi gurnani, ta yi wari, ta yi shiru, ba ta sake magana ba har na baro ƙasar.

A nan Injiniya ya ga ƙofarsa ta buɗe. Ya ce ranar hutunsa zai kai ni in ga wani tsohon injin niƙa da ruwa ke juyawa, ya girmi kakata, kuma har yau yana juyi. Ya faɗa yana murmushi, irin murmushin da yake yi tun yana yaro in ya ɓoye wani abu a bayansa. Ni abin da ya dame ni kunu ne. Da safe na auna gero a roba, na zuba kayan ƙamshi a kai, na rufe, na sa a jakar bakko. Ya ga jakar, bai tambaya ba, don ya san ba na fita hannu sake.

Wurin yana Alkus, unguwar sito-sito da garejoji. Manyan motoci, ƙura, ma'aikata cikin shuɗin kaya suna fakewa a inuwar bango. Zuciyata ta kwanta, na ce lallai nan unguwar aiki ce, inji zai yi kyau a nan. Muka tsaya a ƙofar wani sito, aka buɗe mana ƙofar gilashi, sanyi ya dake ni.

Gidan shan kofi ne. A tsakiyarsa an gina ɗan ɗaki na dutse da tsohon katako, baƙi ƙirin don tsufa. Ruwa yana gangarowa ta wani kwararo na itace yana dukan fukafukan wata ƙafa a ƙasa, tana juyawa. Kyau kam akwai. Mutane suna zaune kewaye da shi da ƙananan kofuna, kowa ya ɗaga waya. Na tsaya ina neman layi. Babu roba ko ɗaya. Na saurara, ƙarar ruwa kawai nake ji. Na shafa katakon, hannuna ya fito tas. An jingina buhuna a gefe, na matsa ɗaya da yatsa, soso ne a ciki. Dutsen niƙan kuwa an ɗauke na saman an ɗora masa gilashi, an jera kek a kai.

Injiniya yana ta karanta mini allon da ke bango. Wai daga wani ƙauye a duwatsun Pakistan aka kwance shi, dutse-dutse, aka sa wa kowane lamba, aka zuba a kwantena aka kawo. Wai ruwan famfo ne ke tura shi da lantarki, ya zubo, ya koma sama, ya sake zubowa. Wato a ƙasar da ba ta da kogi an sayi wuta don a ɗaga ruwa, don ruwan ya juya ƙafa, don ƙafar ta juya babu. Burodin da suke sayarwa kuma garinsa daga kamfani yake zuwa.

"Inna, kin gani ko? Da an bar shi a can da tuni ya ruɓe. Yanzu dubi yadda ake girmama shi."

Ni har lokacin ban gama cire rai ba. Na ce ƙila akwai na aiki a baya. Na durƙusa a gefen ruwan, na fito da robata, na buɗe, ina jiran wanda zai karɓa. Ƙamshin citta da kanumfari ya tashi. Sai ga wata Baturiya ta matso ta durƙusa tana ɗaukata hoto. Wata ta biyo ta. Wani ya turo ɗansa ya tsaya kusa da ni. Ashe sun ɗauka cikin kayan adon nake, an kawo ni tare da injin a kwantena. Injiniya ya rasa inda zai sa fuskarsa, yana ta cewa Inna rufe, Inna tashi. Na ce masa ai hoton bango yake so, ga shi an fara tun ina da rai.

Wanda ya cece mu wani dattijo ne mai jan gemu na lalle, sanye da rigar ma'aikatan wurin, da tsumma a kafaɗa. Ya zo ya tsuguna a gabana, ya yi sallama, ya nemi izini da ido, ya sa hannu cikin geron. Ya damƙa, ya bari yana zuba ta tsakanin yatsunsa, ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Sannan ya fara magana da irin Larabcin Hajiya Binta, na sa Injiniya ya fassara.

Ya ce su ma suna da gero a ƙasarsu. Ya ce shi mutumin kwarin da aka ɗauko injin ne, ba ƙauyensu ba amma ruwa ɗaya suke sha. A wata unguwa wai ita Muhaisina yake kwana, bas ke kawo su aiki. Aikinsa ya goge ƙafar, ya tsince kuɗin ƙarfen da baƙi ke jefawa a ruwan don kada su toshe famfo. An hana shi goge gansakuka, wai ita ce tsufan.

Na tambaye shi yadda abin yake a da. Ya ce ruwan ƙanƙarar dutse ne ake tarowa ta doguwar magudana, kowane gida da ranar da zai fita ya yashe ta. Mai injin ba ya karɓar kuɗi, tafi guda yake ɗiba a kowane ma'auni. Lokacin girbi mutane kan yini a ƙofa da buhunansu, a nan ake jin wa ya haihu, wa ya rasu, wace ce ta yi yaji. Garin yana fitowa da sanyinsa, ba ya ƙonewa. Sai aka kawo injin mai shan man dizal, wanda zai niƙa buhu kafin na ruwa ya gama kwano. Mutane suka koma can.

Irin nawa fa yake nufi. Ni ma ranar da aka kunna namu a Kurna, dutsen niƙan uwata bayan gida aka mirgina shi aka kife, muna ta guɗa. Yanzu ga bilenda da garin leda sun zo mini da nawa rabon. Ban ce an zalunce ni ba.

Na ce to duk na kwarin sun mutu ke nan? Ya ɗaga yatsa ɗaya. Ya ce saura guda, na ƙauyensu, har yau yana niƙa, uwarsa can take kai masara. Wannan na nan da mai shi ya rasu 'ya'yansa ne suka gada, suna birni, aka yi musu tayi suka sayar. Na ƙauyensu kuwa an zo an yi tayi har an gaji.

Daga nan fassarar Injiniya ta fara tafiyar hawainiya. Dattijo ya yi magana mai tsawo, shi kuma ya ce mini wai dai mutanen ƙauyen ne ba sa so. Amma akwai kalmar da ta wuce ta kunnena wadda na sani tun a Islamiyya.

"Fassara duka. Na ji ya ce waƙafi."

Dole ya fassara. Wanda ya gina na ƙauyensu tun yana da rai ya tsaya a gaban liman da shaidu ya ce ya bayar da shi saboda Allah. Ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado. Abin da ya shigo a yi gyara, a ba mai kula da shi, marayu da gwauraye a niƙa musu ba ɗiba. Jikokinsa da kansu layi suke bi. Masu sayen kayan tarihi sun rasa wanda za su ba kuɗin.

Yaron nan da bakinsa ya faɗa mini wannan, da Hausarsa mai kyau da na biya aka gyara masa. Ya biya mota, ya biya kofi biyun da ban sha nawa ba.

Da za mu tafi dattijon ya tambayi abin da zan yi da geron. Da ya ji maijego ce, sai ya yi wa Injiniya kwatance. Ashe a Karama ɗin, layi biyu daga gidansu, bayan wani shagon ɗinki, akwai wani Ba'indiye mai injin lantarki da ke niƙa wa mutanensu alkama. Shekara nawa yaron nan yana wucewa ta wurin bai sani ba, amma ya san na ado da ke wata unguwa. Da muka shiga na ga gari a gashin girar mutumin, na ga robobi a jere, na ji ƙara har cikin haƙorana, sai na ji kamar na sauka a Kano. Na yi ta tari, ban damu ba. Mutumin ya so ya zuba mini gero a bayan barkonon wani, na riƙe hannunsa na nuna masa ya share tukuna. Ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin e ne ko a'a, ya share.

Da la'asar Rukayya ta sha kunu kofi biyu tana gumi. Kafin mako ya zagayo jaririn ya daina wannan kukan, kumatu suka fara fitowa. Ban ce kunu ne kaɗai ba, amma ban ga shayi ya yi ba.

Sauran kwanakin an kai ni kasuwar zinariya, an kai ni na ga dogon benen nan. Dogo ne. Wadda ke son ƙarin bayani ta tambayi Hajiya Binta.

Ranar da zan dawo, a mota, Injiniya ya sake ɗauko maganar, amma wannan karon ba fenti ba hoto. Ya ce yana jin tarina ta bango kowace asuba. Ya ce ya rasa uba, ba ya so ƙura ta ƙarasa masa uwa yana wata ƙasa yana kallon waya. Na dubi ƙeyarsa, irin ta ubansa sak. Na ce masa na ji, kuma na yi alkawari ba zan ƙara tsayawa a bakin inji ba. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce to zai turo mai fenti ya duba ɗakin. Na ce kada ya yi gaggawa. Na kuma faɗa masa dalilin da ya sa ya kawo ni, bai musa ba.

Na sauka Kano da yamma. Tun daga bakin titi na jiyo injina, da wannan ɗan tsallen da yake yi in bel ya saki. Robobi biyar ne ko shida a ƙofa, ba kamar da ba, amma kowace roba akwai gidan da ke jiranta kafin a ɗora tukunya. Asabe ta fito fara fat da gari tana yi mini sannu da zuwa, tana tambayar tsaraba. Na ba ta takunkumin rufe hanci da na sayo mata kwali guda, na ce daga yau in na gan ta a bakin inji babu shi, ni da ita ne.

Washegari bayan an idar da sallar asuba na sa hijabina, na karɓi makullin a hannun Asabe, na ce ta biyo ni. Na aika aka tsayar mini da mai unguwa da ƙanin marigayi. Muka sami liman a zauren gidansa bai ko karya ba. Na gaishe shi, na ajiye makullin a kan buzunsa.

"Malam, injin nan da ɗakinsa na bayar saboda Allah. Ba saye, ba kyauta, ba gado. Asabe ce za ta riƙe, marayu ba sa biya. Ku shaida."

Liman ya tambaye ni ko Injiniya ya sani. Na ce masa ai shi ya fassara mini.